Likita Fatima Kyari da Ciwon da ke Cin Ido Kamar Gara

 Ya ku 'yan'uwa malamai da gardawa, da ku fatake da 'yan kasuwa na ƙasar Yankwashi da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, yau wannan fili zai yi bayani ne a kan wata cuta ta ido wadda ta makantar da dattawanmu da yawa, da kuma labarin wata likita 'yar Nijeriya wadda ta ba da shekarunta wajen bin diddigin wannan cuta. Cutar ita ce wadda likitoci su ke kira gilakoma, mutanenmu kuwa suna ce mata hawan jinin ido. Likitar kuwa sunanta Fatima Kyari.

Dalilin da ya sa maganar ta fi dacewa da ku shi ne, ido shi ne jarin malami, da shi ya ke duba allon yaro, ya gyara masa wasali, ya darasa littafi. Shi ne kuma jarin ɗan kasuwa, da shi ya ke ƙirga kuɗi, ya gane jabu, ya duba haƙorin sa a kara, ya rarrabe atamfa mai kyau da ta banza. Bayan wannan kuma, ku ne jama'a su ke jin maganarku a masallaci da zaure da rumfa.

Fasali na farko: bambancin yana da hawan jinin ido

Larabawa sun raba waɗannan cututtuka biyu da suna, yanar ido suna ce mata farin ruwa, wannan kuwa suna ce mata shuɗin ruwa. Lalle duk wanda ya riƙe bambancinsu ya riƙe rabin wannan darasi.

Yana dai farin hazo ne da ke rufe wani ɗan madubi da Allah ya halitta a bayan ƙwayar ido. Tana kama da labule da aka saki a bakin taga, ɗakin yana nan lafiya lau, haske ne kawai ya rasa hanya. In likita ya cire ta ya sa madubin roba a gurbinta, sai mutum ya koma ganinsa da izinin Allah, ko da ya shekara biyar a zaune.

Hawan jinin ido kuwa ba haka ya ke ba. A gaban ido akwai wani ruwa garai-garai wanda ya ke ɓuɓɓugowa kullum, ya ciyar da ido, sa'an nan ya fice ta wasu 'yan magudanai ƙanana da ke gefen baƙin ido. Wannan ruwa ba hawaye ba ne, a ciki ya ke. To, in magudanan nan suka cushe, ruwa yana shigowa ba ya samun fita yadda ya kamata, sai ido ya ɗaure kamar salka da aka cika har baki. Nauyin nan sai ya danne jijiyar da ke bayan ido, wadda ta ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa. Ita wannan jijiya tufka ce ta zare wajen miliyan ɗaya, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kuma zaren da ya tsinke ba ya ƙulluwa har abada. Babu likita a duniya, ko a Misira ko a Ingila ko a Indiya, wanda zai mayar da shi.

Mugun halin cutar shi ne, galibinta ba ta da zafi, ba ta sa ido ja, ba ta sa kwantsa. Ganin gefe ta ke fara ci, ta bar na tsakiya, ido ɗaya kuma yana rufa wa ɗaya asiri. Don haka sai ka ga malami yana karanta ƙananan baƙaƙe ba gargada, alhali kuwa yana tuntuɓe da buta a zaure, ko babur ya fito masa ta gefe bai gani ba. A hankali filin ganinsa ya yi ta tsukewa har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu, daga nan sai duhu. Haka gara ta ke yi wa azara, waje sumul, ciki ya zama gari, maigida bai sani ba sai ranar da ɗaki ya rufto.

Sunan nan na hawan jinin ido ya ruɗi mutane. Wani ya kan ce an auna masa jini a hannu an ce lafiya lau, saboda haka idonsa ma lafiya. Ba haka ba ne, ma'aunin hannu dabam, ma'aunin ido dabam, kuma abin da ke hawa a ido ruwa ne.

Fasali na biyu: magabata da aikin ido

Kada wani ya zaci neman maganin ido baƙon abu ne ga Musulmi. A Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙu, wanda shi Kirista ne a fadar halifofin Abbasiyawa, ya wallafa maƙaloli goma a kan ido. Bayansa Aliyu ɗan Isa ya rubuta littafin tunatarwa ga masu aikin ido, wanda aka daɗe ana karantawa har a ƙasashen Turai. Ammaru mutumin Mausil, wanda ya zauna a Misira wajen shekara dubu da ta wuce, shi ya ƙago allura mai rami wadda a ke zuƙe yana mai laushi da ita. A ƙasarmu ta Hausa kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafe-wallafe a kan ilmin magani, har da na ciwon ido.

Amma shuɗin ruwa ya gagari magabata, gama ba su da abin leƙa cikin ido mai rai. Sai a 1851 wani Bajamushe mai suna Helmholtz ya bayyana madubin da a ke hango jijiyar ido da shi. Ba a jima ba wani ɗan ƙasarsu, Likita von Graefe, ya fara yin fiɗa don rage nauyin ido. A 1968 Likita Cairns na Ingila ya bayyana irin fiɗar da a ke buɗe wa ruwan sabuwar hanya, wadda har yanzu a ke yi a asibitocinmu. Maganin ɗigawa mai suna timolol ya fito a 1978, latanoprost kuwa a 1996. Watau dai kakanninmu suna da uzurin da mu ba mu da shi.

Fasali na uku: aikin Likita Fatima

Likita Fatima Kyari ta yi aikin ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, inda a ke kai marasa lafiya daga sassan ƙasar nan. Kowane likitan ido a Arewa ya san irin baƙin cikin wannan aiki: a kawo masa dattijo ana jansa da sanda, ya haska fitila ya ga jijiya ta riga ta ƙare, ya rasa abin da zai ce wa 'ya'yan mutum sai ban haƙuri. Mai zama a asibiti ƙarshen labari kaɗai ya ke gani. Wanda ya ke son ya san farkonsa, tilas ya fita ya tarar da mutane a gidajensu tun suna zaton lafiyarsu ƙalau. Wannan ita ce hanyar da ta bi, ta haɗa aikin fiɗa da ilmin kiwon lafiyar jama'a, ta yi karatu mai zurfi a makarantar kiwon lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan, har ta sami digirin ƙoli a kan wannan cuta.

Daga 2005 zuwa 2007 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da taimakon ƙungiyar Sightsavers da masanan Landan, ta yi ƙidayar makanta a faɗin Nijeriya. Likita Fatima tana cikin likitocin da suka yi wannan aiki, tare da Likita Mohammed Abdull na Bauchi, da Likita Abubakar Tafida wanda ya yi aiki da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa, da waɗansu. An zaɓi wurare 305, birni da ƙauye, aka bi gida-gida ana rubuta waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama, aka duba idon mutum fiye da 13,500. Suka yi ta yawo da kayan aiki a mota, rani da damina, har aikin ya cika.

Ga abin da ƙidayar ta nuna, kamar yadda aka buga a 2009. Cikin kowane mutum 100 da suka kai shekara 40, wajen 4 makafi ne, watau kimanin mutum 1,130,000 a ƙasar a wancan lokaci. Yankinmu na Arewa maso Yamma shi ya fi kowane yanki yawan makafi. Cikin makanta 100, guda 84 irin wadda a ke iya hanawa ce ko a warkar. Yana ita ce kan gaba da kashi 43, hawan jinin ido yana biye da wajen kashi 17. Aka kuma ga makanta ta fi yawa a gidajen matalauta da waɗanda ba su yi karatu ba.

Daga nan ta ɗauki takardun ƙidayar ta sake bin su ido-ido, tana neman wannan cuta ita kaɗai, ta buga sakamakon a 2015. Ta sami mutum 682 masu cutar, watau 5 cikin kowane 100, wanda in an lissafa ga ƙasa duka ya haura mutum miliyan ɗaya. Ɗaya cikin kowane 5 daga cikinsu ya riga ya makance. Amma babban abin tsoro shi ne, cikin masu cutar 100, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 ba. Sauran 94 suna noma, suna ciniki, suna limanci, gara tana ci ba su sani ba.

Jama'a, ku auna wannan da sahun masallacinku. In dattawa 100 suka tsaya sallar Juma'a a Karkarna ko Roni, bisa wannan lissafi akwai wajen 5 a cikinsu masu ɗauke da cutar, kuma da wuya a sami ko ɗaya wanda ya sani.

Binciken ya daɗa nuna waɗansu abubuwa. Cutar tana ƙaruwa da yawan shekaru, ta fi kama maza, ta kuma fi yawa cikin Ibo, ko da ya ke babu ƙabilar da ta ƙyale. Wajen rabin idanun da ke da cutar, da aka auna nauyinsu sau ɗaya, ba a ga ya wuce iyakar da aka saba ba, wadda ita ce 21 a ma'aunin likitoci. Ma'anar wannan ita ce awon nauyi kaɗai ba ya isa, sai an leƙa jijiyar, an kuma gwada faɗin gani.

Akwai kuma abin da ya shafe mu 'yan Arewa ƙwarai. Mun san masu yawo ƙauyuka da kasuwanni suna cewa suna cire yana. Abin da su ke yi shi ne soka tsinke ko allura su ture yanar ta faɗa cikin ido, ba fitar da ita su ke yi ba. Mutum ya kan ga haske ranar, ya biya kuɗi da akuya, mai aikin ya yi gaba. Ƙidayar ta nuna cikin idanu 10 da aka taɓa saboda yana, fiye da 4 irin wannan aiki aka yi musu, kuma mafi yawansu a makance aka same su. Likita Fatima ta gano cewa cikin waɗanda hawan jinin idonsu ya samo asali daga wani rauni ko wata cuta, turin yana shi ne babban sanadi. Watau an ɗauki cutar da ke da magani an musanya ta da wadda ba ta mayar da abin da ta ci.

Ba ta tsaya ga ƙirga ba. Ta tambayi likitocin ido na ƙasar nan irin wahalar da su ke sha, ta kuma zauna da marasa lafiya ta ji daga bakinsu. Abin da ya fito shi ne rashin sanin cutar, da zuwa asibiti a makare, da tsadar magani, da tsoron fiɗa, da ƙarancin kayan aiki. Likita Abdull a Bauchi da Likita Abdu Lawan a Kano su ma sun rubuta cewa galibin marasa lafiyarsu sai cuta ta yi nisa su ke zuwa. A 2021 ta jagoranci likitocin Afirka wajen tsara littafin jagora na yadda za a kula da cutar a ƙasashenmu, gwargwadon abin da ke hannu. A 2024 kuma aka naɗa ta magatakardar hukumar da ke kula da rajistar likitoci ta Nijeriya. Wannan ya isa misali ga mai shakkar amfanin ilmin 'ya mace.

Fasali na huɗu: magani da iyakarsa

Hanyoyin magani uku ne, duk kuwa manufarsu ɗaya, a rage nauyin ido don a tsare ganin da ya saura. Ta farko maganin ɗigawa, kullum, har iyakar rai. Ta biyu wani haske mai ƙarfi da a ke kira leza, wanda a ke harbawa a magudanan ido cikin 'yan mintoci ba tare da yanka ba. A wani gwaji da aka yi a Moshi ta ƙasar Tanzaniya, aka buga a 2021, bayan shekara ɗaya leza ta riƙe ido 61 cikin 100, timolol kuwa 31. Ta uku ita ce fiɗa.

A nan ne fa a ke samun rashin fahimta mai cutarwa. Wane ya je an yi masa aikin yana, ya dawo yana zura zare a allura. Maƙwabcinsa mai hawan jinin ido ya je an yi masa fiɗa, ya dawo ganinsa yana nan yadda ya ke, sai gari ya ɗauka cewa aiki bai yi ba, ko likita ya ɓata masa ido, na bayansa su ƙi zuwa. Alhali kuwa aikin ya yi, gama shinge aka yi wa gona don a tsare abin da dabbobi ba su ci ba. Wanda ya zo da rabin gani, ya mutu da rabin gani bayan shekara ashirin, lalle ya ci riba.

Haka nan mai ɗiga magani, ya ga kwalba ta ƙare bai ji wani canji ba, sai ya daina saye. Ɗan kasuwa ya san ba a sallamar mai gadi don an kwana biyu ba a yi sata ba. Mai ciwon fuka ko ciwon zuciya kuwa ya gaya wa likita tun da fari, domin timolol ba ya dacewa da waɗansunsu.

Fasali na biyar: mas'alar azumi

Mutane da yawa su kan ajiye magani watan Ramadan don tsoron karyewar azumi. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa abin da aka sa a ido, in ya isa maƙogwaro, akwai ramuwa. Hanafiyya da Shafi'iyya kuwa ba su ganin yana karya azumi. To, ko bisa mazhabarmu akwai mafita. Wani maganin sau ɗaya a ke ɗiga shi da dare. Mai sau biyu kuwa, da shawarar likita, ana iya ɗiga shi da sahur da kuma bayan shan ruwa. In an ɗiga, a rufe ido a danne kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa kamar minti biyu, wannan yana tare hanyar da ta ke kai shi maƙogwaro. Wanda kuma larura ta tilasta masa ɗigawa da rana, shari'a ta yalwata wa mara lafiya. Azumi ana rama shi, jijiyar ido kuwa ba ta ramuwa. Ya kamata masu tafsiri su faɗi wannan tun daren farko.

Wani kuma ya kan ce makanta ƙaddara ce. Gaskiya ne, kome da ƙaddarar Allah ya ke, kuma makaho mutum ne mai daraja, ga Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya yi ladanci a Madina, ga alarammomi makafi a ƙasarmu waɗanda tilawarsu ta fi ta masu ido. Amma neman magani shi ma cikin ƙaddara ya ke, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da shi. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Mu tuna kuma in maigida ya makance, sau da yawa yaro a ke cirewa daga makaranta ya zama ɗan jagora, hasara ta zama biyu.

Fasali na shida: abin da ya wajaba a kanmu

Na farko, duk wanda ya kai shekara 40 ya je a duba masa ido ko ba ya jin kome, ya ce a auna nauyin ido a kuma leƙa jijiya, ya riƙa komawa bayan shekara ɗaya ko biyu. Gwajin tabarau a bakin kasuwa ba shi ne wannan ba.

Na biyu, cutar tana bin jini. In an same ta ga mutum, to 'yan'uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa su je gaba ɗaya. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka makance aka ce babu magani, kada ya jira shekara 40.

Na uku, a bar sa wa ido abin da likita bai rubuta ba, ko ruwan ganye ne, ko kuwa maganin ƙaiƙayin ido na kemis, gama waɗansu daga cikinsu in an daɗe ana ɗigawa suna ta da nauyin ido, har ga yara. A kuma rufe ƙofa ga masu turin yana.

Na huɗu, akwai wani iri mai zuwa farat ɗaya, ido ya yi ja, da zafi mai tsanani, da ciwon kai da amai, mutum ya riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila. Wannan kada a bari ya kwana. Haka jariri mai manyan idanu masu yawan hawaye, wanda ba ya son haske, a kai shi da gaggawa, kada a tsaya yabon dara-daran idanu.

Wurin zuwa kuwa bai yi mana nisa ba. A fara da asibitin da ke kusa a nemi ma'aikacin ido, in abin ya fi ƙarfinsa ya ba da takarda. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA wanda ya ke aiki tun shekarun 1940, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ido na Makka. Ku da ku ke zuwa Kwari da Kurmi da Dawanau saro kaya, ku ware wuni ɗaya domin idonku, ku kuma ɗauki tsohonku ko malaminku a mota. Attajirin da ke neman inda zai sa sadaka, ga maƙwabcinsa nan wanda kuɗin kwalbar magani ya gagara. Malamai kuwa su sanar a bayan salla da wurin suna da ɗaurin aure, musamman a watan Maris da a ke keɓe mako guda a duniya don tunatarwa a kan wannan cuta.

Likita Fatima da abokan aikinta sun sauke nasu nauyin, sun ƙirga sun gaya mana. Saura namu, mu isar da labari ga mutum 94 nan da ba su sani ba, tun rana tana sama. Allah ya tsare mana jinmu da ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu yi wa jama'a hidima da alheri. Amin. Haza wasalam.

Daga wani malamin makarantar allo, Yankwashi.